Yahudawan tsibirin Jarba: yadda ƙaramar al'umma ke riƙe da ibadarta cikin zaman ɗar-ɗar

A duk shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu ko cikin Mayu, Yahudawa daga Faransa, Italiya, Isra'ila da wasu ƙasashe kan yi tattaki zuwa tsibirin Jarba na ƙasar Tunisiya, domin ziyarar wani tsohon ɗakin ibada da ake kira Griba. A shekarun kwanciyar hankali dubban mutane ke zuwa, ana kiɗa, ana waƙa, ana zagaya titunan ƙauyen. To amma tun daga shekarar 2023 abubuwa suka sauya. A waccan shekara wani jami'in tsaro ya buɗe wuta a kusa da wurin ya kashe mutane, ƴan watanni bayan haka kuma yaƙin Gaza ya ɓarke. A 2024 masu shirya ziyarar suka soke shagulgulan, aka tsaya ga addu'a da kunna kyandir a cikin gini.

Mu a nan galibi ba mu jin kalmar Bayahude sai a labaran yaƙin Gabas ta Tsakiya. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ba su san cewa a nan nahiyarmu ta Afirka, a ƙasar Larabawa Musulmi, akwai wata al'ummar Yahudawa da ta yi ɗaruruwan shekaru a wuri guda ba, da harshenta na Larabci, da makarantunta, da maƙwabtanta Musulmi. A wannan bayani za mu duba su wane ne su, yadda ibadarsu ta jam'i take, da abin da addininsu ya tanadar musu su yi idan masifa ta sauka.

Ina ne Jarba, kuma yaushe suka zo?

Jarba tana kudu maso gabashin Tunisiya, a cikin tekun Bahar Rum, ba nisa da iyakar Libiya. Ita ce tsibiri mafi girma a arewacin Afirka, faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 500, mazaunanta kuma sun wuce dubu 160. Mafi yawansu Musulmi ne, wasu Malikawa, wasu mabiya mazhabar Ibadiyya, akwai kuma ƙauyukan da har yanzu ake jin harshen Berber. Babban garin tsibirin shi ne Humt Suk. Yahudawa na da unguwanni biyu tun asali: Hara Kabira, wato babbar unguwa, dab da Humt Suk, sai Hara Sagira, ƙaramar unguwa, wadda yanzu ake kira Riyad. A gefen ƙaramar ne ɗakin ibadar Griba yake.

Su mutanen wurin suna da labarin da suka gada daga kakanni. Suna cewa a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, da sarkin Babila Bukhtanasar ya rushe ɗakin ibadar da Annabi Sulaimanu ya gina a Ƙudus, wasu daga cikin zuriyar masu hidimar wurin suka gudo ta teku har Jarba, ɗauke da wani dutse ko ƙofa daga ginin da aka rushe, suka sa shi cikin harsashin Griba. Wannan labarin baka ne. Abin da ke rubuce kuwa shi ne, tsofaffin takardun fatake da aka gano a wani ɗakin ajiya na Yahudawan Alƙahira sun ambaci Yahudawan Jarba tun ƙarni na 11. Ginin da ke tsaye a yau an yi shi ne a ƙarshen ƙarni na 19. Wani abin da ya bambanta al'ummar shi ne yawan masu sunan Kohen a cikinta, wato waɗanda ke danganta kansu da zuriyar Annabi Haruna, har wasu ke yi wa Jarba laƙabi da tsibirin Kohen.

Daga dubu 100 zuwa abin da bai kai dubu 2 ba

A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Tunisiya sun kai wajen dubu 100. Kafin nan sun ɗanɗana kuɗarsu a Yaƙin Duniya na Biyu: sojojin Jamus sun mamaye ƙasar daga Nuwamban 1942 zuwa Mayun 1943, suka tura mazaje Yahudawa kimanin dubu 5 aikin tilas. A Jarba, Jamusawan sun tilasta wa al'ummar ta tara musu zinariya fiye da kilo 40 cikin ɗan lokaci. A wannan zamani akwai Musulmin da suka ɓoye Yahudawa a gidajensu da gonakinsu, kamar Khalid Abdul Wahab na garin Mahadiya, kuma sarkin Tunis na lokacin, Munsif Bey, ya fito fili ya nuna cewa Yahudawan talakawansa ne kamar kowa.

Bayan kafa ƙasar Isra'ila a 1948 da samun ƴancin kan Tunisiya a 1956, sai ƙaura ta fara. Kowane rikici kuma sai ya ƙara mata gudu: rikicin Bizarta da Faransa a 1961, sannan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Yunin 1967, lokacin da masu zanga-zanga suka cinna wa babban ɗakin ibadar Yahudawa na birnin Tunis wuta, abin da shugaba Habib Burgiba ya yi Allah wadai da shi. Wasu suka nufi Isra'ila, wasu Faransa. Yau waɗanda suka rage a ƙasar baki ɗaya ana ƙiyasta su tsakanin dubu 1 da dubu 1 da 500, kuma mafi yawansu a Jarba suke.

Me ya sa Jarba ta tsaya alhali manyan birane sun watse? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin karatunsu. A farkon ƙarni na 20, wata ƙungiyar Yahudawan Faransa da ke buɗe makarantun boko da Faransanci a ƙasashen Larabawa ta so ta buɗe ɗaya a Jarba, malaman tsibirin suka ƙi, don gudun kada yara su bar karatun addini. A Tunis kuwa Yahudawa da yawa sun rungumi Faransanci, shi ya sa da lokacin tafiya ya zo Faransa ta yi musu sauƙin zama. Na Jarba suka ci gaba da Larabcinsu, suna rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai yadda ake rubuta Hausa da ajami. A farkon ƙarni na 20 suka kafa maɗaba'ar Ibrananci a tsibirin, ta buga ɗaruruwan littattafan malamansu. Mafi shahara cikin malaman shi ne Rabbi Moshe Kalfon Hakohen, wanda ya rasu a 1950, ya kuma tattara al'adu da hukunce-hukuncen Jarba a rubuce.

Mutum goma

Duk wanda ke son fahimtar rayuwar wannan al'umma sai ya fara da ƙa'ida guda: wasu muhimman addu'o'i ba a yin su sai an samu mazaje goma baligai, wato waɗanda suka cika shekara 13. Wannan adadi shi ake kira minyan. In tara ne, ko da dukansu manyan malamai ne, ba za a buɗe Attaura a karanta a bainar jama'a ba, ba kuma za a yi addu'ar da masu makoki ke yi ba. In an samu na goma, ko yaro ne ɗan shekara 13, jam'i ya tsaya.

Kun ga ke nan ƙaura ba ƙaramar barazana ba ce. Duk gidan da ya tashi ya tafi Marseille ko Paris, ya rage hannun da ake ƙirgawa. A garuruwa da dama na Tunisiya gine-ginen ibada na nan tsaye amma a kulle, saboda babu mutum goma. A Hara Kabira kuwa har yanzu akwai ɗakunan ibada kusan goma, waɗanda da Larabcinsu suke kira sla, kuma ana taruwa kullum.

Addu'o'in yini uku ne: ta safe, ta la'asar da ta dare, ana fuskantar Ƙudus. Ranakun Litinin, Alhamis da Asabar ake fito da Attaura. Ita wannan ba littafin da aka buga da inji ba ne. Naɗaɗɗiyar fata ce da ƙwararren marubuci ke rubutawa da hannu, aikin da kan ɗauki shekara guda, kuma in harafi ɗaya ya goge ko ya ɓaci ba a karatu da ita sai an gyara. An raba littattafan Annabi Musa biyar kashi 54, ana bi mako-mako har a sauke a shekara, a ranar saukar kuma a sake farawa daga farko nan take. Wanda ake fara kira ya tsaya gaban Attaura shi ne ɗan zuriyar Kohen. Rabbi kuma malami ne mai koyarwa da yanke hukunci kan aure, saki, yanka da abinci, amma jan addu'a kowane namiji mai karatu na iya yi.

Asabar da makaranta

Ranar Asabar, wadda suke kira Shabbat, tana farawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Asabar. A tsawon wannan lokaci babu kunna wuta, babu girki, babu ciniki, babu rubutu, babu tuƙa mota ko taɓa salula. A Hara Kabira an saba busa ƙahon rago da yammacin Juma'a don a sanar da mutane su rufe shaguna. Mata na gama girki tun da rana, su kunna kyandir kafin magariba. Da yawa daga cikin mazan maƙeran zinariya da azurfa ne a kasuwar Humt Suk, kuma abokan cinikinsu Musulmi sun san ranar Asabar ba a samun su.

Yara maza na fara karatun Ibrananci da Attaura tun suna ƙanana, daga baya su shiga Talmud, babban kundin muhawarorin malamansu na farko. Ƴan mata ma na da makarantunsu, wasu yaran kuma na haɗawa da makarantar gwamnati. Ana aure da wuri, galibi a cikin al'ummar, ana kuma haihuwa da yawa. Shi ya sa, ba kamar sauran wuraren da Yahudawa suka rage a ƙasashen Larabawa ba inda tsofaffi kawai ake gani, a Jarba unguwa cike take da yara.

Ziyarar Griba

Kalmar Griba da Larabci na nufin baƙuwa, ko abin mamaki. Akwai labarin da ake bayarwa na wata yarinya da ta zauna ita kaɗai a bukka a wurin, ba wanda ya san daga ina ta fito. Wata rana gobara ta cinye bukkar, aka tarar da gawarta wuta ba ta taɓa ta ba, sai mutane suka ɗauka waliyyiya ce, aka gina ɗakin ibada a wurin.

Ziyarar na faɗowa ne a ranar da ake kira Lag Ba'omer, rana ta 33 cikin kwanaki 49 da Yahudawa ke ƙirgawa bayan idin tunawa da fitowarsu daga Masar. Waɗannan makonni na alhini ne, ba a ɗaura aure ko aski a mafi yawansu, saboda Talmud ya ba da labarin annobar da ta kashe almajirai dubu 24 na wani babban malami, Rabbi Akiba, a irin wannan lokaci. Rana ta 33 ce aka ɗauka ranar da annobar ta tsaya, kuma ranar tunawa da wani malamin, Rabbi Shimon bar Yohai. Wato shi kansa bikin, farin ciki ne da aka dasa a tsakiyar makoki.

Mai shiga Griba sai ya cire takalmi ya rufe kansa. Ana kunna kyandir, ana ba da sadaka. Mata kan rubuta buƙatunsu a jikin ƙwai, na aure ko na haihuwa ko na lafiya, su ajiye a wani ɗan kogo da ke cikin ginin. A harabar masaukin baƙi da ke fuskantar ɗakin ibadar ana yin gwanjo don tara kuɗin gyaran wuri da tallafa wa masu karatu, sannan a fito da wata babbar fitila da ake kira menara, an lulluɓe ta da gyaluluwa masu launi, a tura ta a kan ƙafafun keke a zagaya da ita. Musulmin tsibirin na zuwa kallo, wasu na sayar da kaya, wasu ma na kunna kyandir ɗinsu. Ga hukumomin Tunisiya kuma ziyarar ita ce ke buɗe kakar yawon buɗe ido. A 2018 har an naɗa ɗan wannan al'umma, René Trabelsi, ministan yawon buɗe ido, a watan Satumban 2023 kuma hukumar UNESCO ta sa Jarba cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Hare-hare uku

Sau uku ana zubar da jini a wannan wuri cikin shekara 40. A Oktoban 1985, mako guda bayan jiragen yaƙin Isra'ila sun yi ruwan bama-bamai kan hedkwatar ƙungiyar Falasɗinawa ta PLO a kusa da Tunis, wani ɗan sanda da aka sa gadi ya buɗe wuta kan masu ibada a ranar idin saukar Attaura, ya kashe wasu ya raunata wasu.

Ranar 11 ga Afrilun 2002, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da motar dakon iskar gas a jikin bangon Griba. Kusan mutum 20 suka mutu, 14 daga cikinsu Jamusawa ƴan yawon buɗe ido, kuma ƙungiyar Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. Tun daga nan aka ƙara tsaurara tsaro a ƙofar wurin da mashigan Hara Kabira.

Na uku shi ne na ranar Talata 9 ga Mayun 2023, ana dab da kammala ziyara. Wani jami'in rundunar tsaron ƙasa ya kashe abokin aikinsa a sansaninsu, ya kwashi harsasai ya nufo Griba. Ya harbe maziyarta biyu, ƴan uwan juna, da jami'an tsaro biyu, kafin a harbe shi. Mutum biyar ke nan suka rasa rayukansu, uku daga cikinsu jami'an tsaron Tunisiya. Abin da ya fi tayar wa mutanen Jarba hankali shi ne, a hari biyu cikin ukun, wanda ya yi harbin yana sanye da kakin hukumar da aka ɗora wa amanar kare su. A lokaci guda kuma, masu irin wannan kakin ne suka tare maharin na 2023 da jikinsu, suka hana shi kaiwa ga ɗaruruwan mutanen da ke ciki.

Idan masifa ta sauka

Addinin Yahudanci ya tsara wa mai makoki abin da zai yi daki-daki, ta yadda ba a barin sa shi kaɗai da tunaninsa. Ana gaggauta binne mamaci, akwai kuma ƙungiyar ƴan sa kai da ke wanka da suturta gawa. Dangi na kusa kan yaga wuyan rigarsu alamar baƙin ciki. Daga nan sai zaman makoki na kwana bakwai: masu rashi na zaune a ƙasa ko kan ƴar kujera, ba su fita aiki, maƙwabta ne ke kawo abinci, jama'a kuma su zo gidan a yi addu'o'in yini a can. Bayan bakwai akwai kwana 30 na sassaucin makoki, wanda ya rasa uwa ko uba kuma yana ci gaba har shekara.

A tsawon wata 11 ɗan mamacin zai riƙa tsayawa cikin jam'i yana karanta addu'ar da ake kira Kadish. Da harshen Aramiyanci take, kuma abin lura shi ne ba ta ambaci mutuwa ba ko sau ɗaya, girmama sunan Ubangiji ce da roƙon zaman lafiya. Ba a yin ta sai da mutum goma masu amsawa. To kun ga hikimar: mai baƙin ciki dole ya fito cikin mutane safe da yamma, su kuma mutanen dole su zo don kada addu'arsa ta faɗi. Wanda ya tsira daga haɗari shi ma yana da tasa addu'ar godiya, da yake yi a gaban jama'a ranar da aka fito da Attaura.

In masifar ta shafi gari ne baki ɗaya, kamar yaƙi, annoba ko fari, ana taruwa a karanta Zabura, mai surori 150, wani lokaci a rarraba ta tsakanin mutane a sauke a zama ɗaya. Malamai na iya sa ranar azumi ta musamman, a haɗa da sadaka da tuba. A Talmud akwai babi sukutum kan azumin roƙon ruwa da na lokacin tsanani. Kowace shekara kuma, a rana ta 9 ga watansu na Ab, cikin bazara, suna azumin yini da dare, su zauna a ƙasa cikin ɗan haske suna karanta Littafin Makoki, don tuna rushe ɗakin ibadar Ƙudus sau biyu da sauran bala'o'in tarihinsu.

Akwai kuma ƙa'idar da ta ce ceton rai na gaba da kusan kowace doka. A kan wannan ne ake halatta tuƙa mota ranar Asabar don kai majinyaci asibiti, a kan sa ne kuma malamai a ƙasashe da dama suka rufe ɗakunan ibada lokacin korona. An soke ziyarar Griba a 2020 saboda annobar, kamar yadda aka dakatar da shagulgulanta a 2011 bayan juyin juya halin da ya kori Ben Ali. A fahimtarsu, dakatar da biki don kare rayuka shi ma bin addini ne.

Tambayar da ba ta ƙarewa

Don me mutumin kirki ke shan wahala? Yahudawa sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya, kuma ba su tsaya kan amsa ɗaya ba. Tsohuwar fahimta, wadda annabawansu suka yi wa'azi a kanta, ita ce masifa kira ce ga al'umma ta binciki kanta ta tuba. Amma a cikin littattafansu masu tsarki akwai Littafin Ayuba, inda abokan Ayuba suka nace lallai zunubi ya yi, a ƙarshe kuma aka nuna su ne ba su faɗi daidai ba.

Bayan kisan kiyashin da ƴan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan 6 a Turai, malamai da yawa suka ƙi yarda a ce horo ne. Rabbi Kalonimus Shapira, wanda ya riƙa yi wa mabiyansa wa'azi a unguwar da aka tsare Yahudawan birnin Warso, ya binne rubuce-rubucensa kafin a kashe shi a 1943, aka tono su bayan yaƙi. A cikinsu ana ganin yadda ya koma magana kan Ubangijin da ke tare da bayinsa cikin wahalarsu. Wani malamin, Rabbi Yosef Solobecik na Amurka, ya koyar da cewa ɗan Adam ba zai gano dalilin masifa ba, don haka gara ya tambayi kansa abin da ya wajaba ya aikata yanzu da ta auku.

Tushen wannan tunani ya koma shekara ta 70 miladiyya, lokacin da Rumawa suka rushe ɗakin ibadar Ƙudus na biyu, hadayar dabbobi ta tsaya. Wani malami, Yohanan ben Zakkai, ya kafa makaranta a garin Yabne, shi da almajiransa suka tsara addini ta yadda addu'a, karatu da ayyukan alheri suka maye gurbin hadaya. Daga nan ne ya zamana duk inda Yahudawa goma suka taru da Attaura, ibada ta tsaya, ko a tsibiri ne a bakin Sahara.

Tsakanin wuta biyu

Harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, da yaƙin Gaza da ya biyo baya ya kuma laƙume rayukan dubun-dubatar Falasɗinawa, sun jefa Yahudawan Jarba cikin tsaka mai wuya. Tunisiya ba ta da hulɗar jakadanci da Isra'ila, al'ummarta kuma na cikin masu tsananin goyon bayan Falasɗinu. A cikin wannan wata na Oktoba wasu masu zanga-zanga suka ƙona wani tsohon wurin ziyarar Yahudawa a garin Alhamma kusa da Gabis, inda babu Bayahude ko ɗaya da ke zaune yanzu. A watan Nuwamba majalisar dokoki ta fara muhawara kan dokar hukunta duk wata hulɗa da Isra'ila, kafin a dakatar da ita. Ga mutanen da kusan kowane gida ke da ɗa ko ƴar uwa a can, wannan ba ƙaramin abin damuwa ba ne.

Su dai Yahudawan Jarba ƴan ƙasar Tunisiya ne, da katin ɗan ƙasa da ƴancin zaɓe, kuma shugabanninsu sun sha nanata hakan. Addininsu ma na da tsohuwar ƙa'ida cewa dokar ƙasar da mutum ke zaune a cikinta abin bi ce, da al'adar yi wa ƙasar addu'ar zaman lafiya. Ba su ke yanke shawarar yaƙi a wata ƙasa ba, amma tarihin 1967, 1985 da 2023 ya nuna duk lokacin da wuta ta kama a Gabas ta Tsakiya, hayaƙin na isowa ƙofarsu.

Abin da zai yanke makomarsu a bayyane yake. Na farko tsaro, da amincewar da za su iya yi wa masu gadinsu. Na biyu tattalin arziki, domin sana'ar zinariya da kasuwar tsibirin sun dogara da baƙi, matashin da bai samu abin yi ba kuma Faransa na kiransa. Na uku maƙwabtaka, wato ko mutanen Humt Suk da Riyad za su ci gaba da bambanta maƙerin da suka sani tun kakanni da gwamnatin da suke fushi da ita. In waɗannan suka lalace, Griba za ta iya zama gidan tarihi da baƙi ke ɗaukar hoto, irin sauran da ke kulle a garuruwan ƙasar. A yanzu dai makarantun Hara Kabira na buɗe, ana ɗaura aure, ana haihuwa, kuma kowace safiya ana samun mutum goma.